Shin Rashidi Yekini ya kai yadda manya suke faɗa, kuma me ya faru da shi daga baya?

Wani matashi mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya aiko da wannan tambaya:

"Malam, barka da aiki. A gidan kallon da muke zuwa, duk lokacin da muka yabi Osimhen sai manyanmu su ce ba mu ga ɗan wasa ba tunda ba mu ga Yekini ba. Ni dai abin da na sani game da shi shi ne hoton nan da ya riƙe raga yana ihu. Idan har ya kai yadda suke faɗa, me ya sa bai buga wa manyan ƙungiyoyin Turai ba? Kuma gaskiya ne abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo a gasar cin kofin duniya, sannan aka yi watsi da shi har ya rasu?"

Ƙanena, tambayarka uku ce a dunƙule: ko Yekini ya cancanci yabon da ake masa, dalilin da ya sa sunansa bai shiga jerin 'yan wasan manyan ƙungiyoyi ba, da kuma gaskiyar abin da ake faɗa game da shekarar 1994 da ƙarshen rayuwarsa. Zan amsa ne a matsayin wanda ya kalle shi da idonsa a babban filin wasa na Surulere, kuma wanda ya daɗe yana horar da yara a filayen Agege. Ra'ayina a taƙaice shi ne manyanku ba su yi ƙari ba, sai dai sau da yawa suna kawo hujjar da ba ita ce mafi ƙarfi ba.

Daga masaƙar Kaduna zuwa Abidjan

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen Ira ne da ke jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya tashi, da Hausa a bakinsa, shi ya sa mutanenmu suke ganinsa nasu ne ba tare da wata jayayya ba. Ya fara taka leda a ƙungiyar UNTL, wato ƙungiyar kamfanin masaƙa na Kaduna, a farkon shekarun 1980. Kai da ka taso a zamanin da ake maganar makarantun koyon ƙwallo, ya kamata ka san cewa a wancan lokaci kamfanoni da hukumomi da attajirai ne suke riƙe da ƙwallon ƙafa a ƙasar nan. Akwai Stationery Stores da NEPA a nan Legas, akwai Leventis United a Ibadan, akwai Raccah Rovers a Kano da Mighty Jets a Jos, kuma yaron da ya iya ƙwallo yana iya samun aiki da albashi ta dalilinta. Babu wanda ya zaunar da Yekini yana ɗan shekara goma ya koya masa yadda ake tsayawa ko yadda ake karɓar ƙwallo, abin da ya iya a filin ƙasa ya koye shi.

Daga Kaduna ya koma Shooting Stars ta Ibadan, inda suka kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. Daga nan sai Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar marigayi M.K.O. Abiola, wadda ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987. A 1987 ya tsallaka zuwa Africa Sports ta Abidjan, domin a lokacin ƙasar Kwaddibuwa ce mashigar 'yan wasan Najeriya zuwa Turai. Ta nan Stephen Keshi ya bi kafin ya isa Beljiyam. Yekini ya yi shekara uku a can. Sai a 1990 ya sa ƙafa a Turai, a ƙungiyar Vitória de Setúbal ta ƙasar Fotugal, yana gab da cika shekara 27. Ka riƙe wannan adadi, domin shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu.

Wane irin ɗan wasa ne

Yekini dogo ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji da dogon taku, kuma idan ka gan shi tsaye ba za ka ɗauka yana da gudu ba sai an jefa ƙwallo bayan 'yan baya. Ba mai yanka ba ne, kuma ba ya riƙe ƙwallo don burge 'yan kallo. Wanda ya je fili don ganin gwaninta, Okocha ya je kallo. Aikinsa guda ne, kuma ya san shi sarai: ya tsaya a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, ya jira lokacin da mai ba da ƙwallo ya ɗaga kai, ya tashi a daidai wannan ƙiftawa ba tare da ya yi satar gida ba, sannan ya buga da ƙarfi tun kafin mai tsaron gida ya daidaita ƙafafunsa. Bugunsa na dama yana da nauyin da har daga saman benen 'yan kallo kana jin ƙararsa.

Abin da na fi so in nuna wa yaran da nake horarwa shi ne abin da yake yi kafin ƙwallo ta zo. Yawancin yara masu buga lamba tara suna bin ƙwallo da ido da ƙafa, duk inda ta je suna can, har su dawo tsakiyar fili suna neman a taɓa musu, sannan idan aka bugo ta gaban raga babu kowa a wurin. Yekini yakan yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba kuma hankalinsa bai tashi ba. Yakan ja ɗan baya zuwa gefe ɗaya da taku biyu ko uku na yaudara, sannan ya juya ya faɗa gurbin da ya buɗe. A atisaye nakan sa yaro ya yi wannan juyi sau da dama babu ƙwallo a ƙafarsa, kuma kusan kullum sai na ga fuska ta ɓaci, domin a ganinsu wannan ba wasa ba ne. Alhali ƙwallon nan da ka sani ta hoton raga, haka aka ci ta. Amokachi ya tura wa Finidi George a gefen dama, Finidi ya shimfiɗo ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Yekini kuwa ya riga ya kuɓuce wa masu tsaronsa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya sa ƙafa. Mai kallo zai ce ƙwallo ce mai sauƙi, mai horarwa kuwa ya san an gama wahalarta tun daƙiƙa uku kafin ta iso.

Yana da rauninsa. Yakan ɓarar da damar da kowa ya riga ya miƙe don murna, kuma karɓar ƙwallonsa ta farko ba kullum take da laushi ba. 'Yan kallon Surulere, waɗanda ba su san haƙuri ba, sun sha yi masa ihu. Bambancinsa da sauran shi ne ɓarar da ɗaya ba ta hana shi neman ta gaba da irin wannan ƙarfin zuciya.

Hujjar da ta fi hoton raga ƙarfi

Ya ci wa Najeriya ƙwallo 37 a wasanni kimanin 60, daga 1984 zuwa 1998, kuma wannan tarihi ya tsaya sama da shekara 25 babu wanda ya kamo shi. Amma adadin kaɗai ba ya faɗin komai sai an duba inda aka ci su. Guda 13 daga ciki a gasar cin kofin Afirka ya ci su: ɗaya a Maroko a 1988, uku a Aljeriya a 1990, huɗu a Senegal a 1992, biyar a Tunisiya a 1994, kuma a gasa biyun ƙarshe shi ne ya fi kowa zura ƙwallo. Samuel Eto'o mai 18 da Laurent Pokou mai 14 ne kaɗai suke gabansa a tarihin gasar. Ka kuma tuna cewa a zamaninsa ƙasashe 8 ne suke buga gasar, daga baya aka mai da su 12, ba 24 irin na yanzu ba, saboda haka wasannin kaɗan ne kuma babu ƙananan ƙasashen da za a tara ƙwallaye a kansu.

Sai kuma wasannin neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 1994, waɗanda a ganina su ne babban aikinsa. Kafin lokacin Najeriya ba ta taɓa zuwa gasar ba. A 1989 mun kusa, shekarar da Sam Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin Surulere ana wasa da Angola, sannan Kamaru ta fitar da mu a Yawunde. A zagayen ƙarshe na 1993 an haɗa mu da Kwaddibuwa da Aljeriya, muka fara da shan kashi 2-1 a Abidjan. Ina cikin filin ranar da Aljeriya ta zo Legas a watan Yuli. Tun da hantsi mutane suka cika benaye, rana tana dukan kowa, masu sayar da ruwa suna ratsa sahu, kusan kowane mutum na uku da ƙaramar rediyo manne a kunne yana sauraron sharhin wasan da yake kallo da idonsa. Aljeriya ta fara ci, filin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Okocha, yana yaro a lokacin, ya farke da bugun tazara, sannan Yekini ya ci biyu, aka tashi 4-1. A watan Satumba aka yi wa Kwaddibuwa irin wannan ci, nan ma ya zura biyu. Kunnen doki 1-1 da aka yi a birnin Aljiyas a watan Oktoba, da ƙwallon Finidi, shi ya kammala aikin. Yekini ya ci 8 a wasannin neman gurbin baki ɗaya, kuma a wannan shekara hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan lambar yabo.

A Tunisiya, cikin watannin Maris da Afrilu na 1994, ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, ya farke wa Najeriya a wasan da aka tashi 2-2 da Kwaddibuwa, sannan ya buga fanaretin da ya kai mu wasan ƙarshe. Emmanuel Amunike ne ya ci biyun da aka doke Zambiya da su 2-1, amma ba don Yekini ba da ba a kai ranar ba. Wannan shi ne kofin Afirka na biyu da Najeriya ta ci bayan na 1980, kuma shi Yekini ya ɗaga shi ne bayan ya ga an sha kashi a wasan ƙarshe har sau uku, a 1984 da 1988 da 1990.

Me ya sa ba Milan ko Madrid ba

Dalili na farko shi ne shekaru. Osimhen ya tafi Wolfsburg ta Jamus yana ɗan shekara 18, bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, gasar da masu farautar 'yan wasa na kowace babbar ƙungiya suke zaune suna kallo. Kanu ya je Ajax yana ɗan 17, Amokachi ma ya je Club Brugge a kusan waɗannan shekaru. Yekini ya riga su da rabin zamani, ya ƙarar da shekarun da ake sayen ɗan wasa saboda abin da zai zama a filayen Ibadan da Abeokuta da Abidjan, inda babu kyamarar da take kai hotonsa Turai.

Dalili na biyu shi ne doka. Kafin hukuncin kotun Turai da ake kira hukuncin Bosman, na watan Disamba 1995, ƙungiyoyin Turai suna da ƙayyadadden adadin baƙin 'yan wasa da za su sa a fili, galibi uku. Babbar ƙungiyar Italiya ko Sifaniya takan ajiye waɗannan gurabe ne don 'yan Holan ko Jamus ko Brazil ko Ajantina da duniya ta riga ta sani. Ɗan Afirka yakan shiga ta Beljiyam ko Faransa ko Fotugal, kuma kaɗan ne irin George Weah da Abedi Pele da suka haura daga nan zuwa ƙololuwa. Weah kuwa ya isa Monaco yana ɗan shekara 21.

Na uku shi ne ƙungiyar da ya faɗa. Setúbal ta faɗa rukuni na biyu a kakarsa ta farko, ya zauna da ita a can har shekara biyu, ya ci ƙwallo 34 a kakar 1992/93 ya dawo da ita sama. A kakar 1993/94 ya ci 21, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal, a gaban 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting waɗanda suke da masu ba su ƙwallo da suka fi nasa nesa ba kusa ba. A shekara huɗu ya ci wa ƙungiyar kimanin ƙwallo 90. To amma lokacin da duniya ta farga da shi ya riga ya haura 30. Olympiacos ta Girka ta saye shi bayan gasar cin kofin duniya, zaman bai yi daɗi ba, ga rauni a gwiwa, wasanni kaɗan ya buga. Sporting Gijón ta Sifaniya ma ba ta ga Yekinin da aka sani ba. Ya ɗan farfaɗo a FC Zürich ta Suwizalan, daga nan sai Tunisiya da Saudiyya da komawa Africa Sports, sannan Julius Berger ta nan Legas, har ya sake sa riga a Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41. Siyasa ma ta ci nata rabon, domin gwamnatin Abacha ta janye Najeriya daga gasar Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, aka kuma hana mu ta 1998, gasa biyu ke nan da zakarun nahiyar ba su buga ba.

Maganar hana shi ƙwallo

Ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas, ya ci Bulgeriya ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, aka tashi 3-0. Bai sake ci ba a wasa ukun da suka biyo baya, da Ajantina da Girka da Italiya, kuma daga nan maganar ta samo asali. Cewa sansanin yana da ɓangaranci da kishi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, tsofaffin 'yan wasan da kansu sun sha taɓo shi a hirarraki. Ƙungiya ce cike da taurari masu ji da kansu, ga rigingimun kuɗin alawus, ga mutum guda da jaridu suka ɗora wa dukkan yabo, shi kuma ba mai shiga cikin jama'a ba ne balle ya sassauta abin da raha.

Amma ni ban gamsu cewa an haɗa baki an hana shi ƙwallo ba, kuma hujjata daga cikin fili take. Shi ne ya ba Amokachi ƙwallon da ya ci Bulgeriya ta biyu, kuma daga ƙafarsa ƙwallon da Siasia ya ci Ajantina ta fito, wato ana wasa da shi yana wasa da su. Bayan wasan farko kowane koci ya gane inda haɗarin yake, aka riƙa sa masa mutum biyu. A wasan Italiya kuwa, ranar 5 ga Yuli, Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Amunike wanda ya ci mana ƙwallo ya bi shi bayan an dawo, sai ƙungiyar ta ja baya tana kare ci ɗaya, aka bar Yekini shi kaɗai tsakanin 'yan bayan da Paolo Maldini yake jagoranta. Duk wanda ya taɓa buga lamba tara ya san cewa idan 'yan tsakiya suka koma gida, kai da mai tsaron gidan abokan hamayya kuke zama 'yan kallo. Roberto Baggio ya farke saura minti biyu a tashi, duk da an ba Gianfranco Zola jan kati, sannan ya ci fanareti a ƙarin lokaci. Akwai lokutan da wani ya buga da kansa alhali Yekini yana wuri mafi kyau, na gani kamar yadda kowa ya gani, amma son kai na ɗan wasan da yake so duniya ta san sunansa daban yake da makirci. Abin da ke cikin zukatan mutane ba a karanta shi daga faifan bidiyo, iyakar abin da zan iya yi maka hukunci a kai shi ne abin da ƙafafu suka yi.

Ya je gasar 1998 a Faransa yana ɗan benci, galibi yana shigowa daga baya, kuma wasan da Denmark ta ci mu 4-1 shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasa.

Shekarunsa na ƙarshe

Bayan ya ajiye takalmi ya zauna a gidansa a Ibadan, shi kaɗai mafi yawan lokaci, yana zuwa filin wasa na Liberty yana motsa jiki, ba ya halartar bukukuwa, ba ya neman muƙami a hukumar ƙwallo. Jaridu sun yi ta ruwaito cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, wasu na kusa da shi kuma suka musanta, aka yi ta ja-in-ja tsakanin dangi da lauyansa a kan yadda aka ɗauke shi daga gida makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka yi masa sutura a Ira bisa tsarin Musulunci. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni mai horar da 'yan wasa ne, ba likita ba, saboda haka ba zan sa wa ciwonsa suna ba, kuma ina ba ka shawara ka yi hattara da masu ba da labarin nan a gidan kallo kamar suna cikin ɗakin.

Kalmar watsi kuwa tana da gaskiya ta wani ɓangare. Ba mabaraci ba ne, yana da muhallinsa, kuma janyewar da ya yi daga mutane da zaɓinsa a ciki. Sai dai ƙasar ba ta da wani tsari na bibiyar tsohon ɗan wasa, ko ta fuskar fansho ko ta lafiya, balle wanda zai lura idan mutumin da ya saba da ihun dubban jama'a ya wayi gari babu mai buga masa ƙofa. Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan wasan 1994 alkawari, da yawansu sai a 2021 aka amince a ba su, bayan shekara 27, lokacin da Yekini da Uche Okafor da Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare da Keshi duk sun riga mu gidan gaskiya.

Game da musunku na gidan kallo, ka ba kowa haƙƙinsa. A matakin ƙungiya Osimhen ya wuce shi: ya ci gasar Italiya da Napoli a 2023, ya fi kowa cin ƙwallo da guda 26, ya zama gwarzon Afirka a shekarar, kuma yana matsa wa 'yan baya lamba idan ƙwallo ba ta hannun ƙungiyarsa fiye da yadda aka taɓa nema daga lamba tara a zamanin Yekini. A gasar cin kofin duniya Ahmed Musa ya fi shi, domin ya ci ƙwallo 4, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Adadin 37 ma ba abin da zai dawwama ba ne. Inda za ka nemi a auna su shi ne rigar ƙasa a wasan da in an faɗi an fita, kuma a nan sai ka tambayi abokanka ƙwallo nawa gwaninsu ya ci a gasar cin kofin Afirka, da kuma ko ya taɓa ɗaga kofin.